Takalmi Jarin Matafiyi: Labarin Dukanci da Fatauci a Kudancin Kano

In mutum ya fita birnin Kano ya nufi kudu, ya ƙetare kogin Calawa, ba da jimawa ba zai shiga ƙasar Bebeji da ta Kiru. In ya ƙara gaba sai Tudun Wadan Ɗankadai, sa'an nan dajin Falgore, har ya kai Doguwa da duwatsun Riruwai, inda ƙasar Kano ta yi iyaka da ta Zazzau da ta Bauci. Yau mota ta kan cinye wannan tafiya cikin 'yan sa'o'i. Amma shekaru ɗaruruwa ƙafa ce ta ke yin ta, ƙafar mutum da ta jaki da ta takarkari. Hanyar kuwa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Da rani ga rairayi mai ƙuna, ga ƙarangiya da tsidau da ƙayar bagaruwa. Da damina ga taɓo da rafuffuka. Can kudu kuma, wajen Riruwai, tsakuwa ce da fā masu cin tafin ƙafa.

Sabo da haka mutanen dā na wannan yanki ba su ɗauki takalmi abin ado kaɗai ba. A wurin falke da ɗan alaro da makiyayi da maharbi, takalmi yana cikin jari, kamar yadda jaki da mangala su ke cikin jari. Wanda ya yi sakaci da shi ya kan biya a kan hanya.

Tsufan sana'ar

Ɗinkin takalmi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya lissafa abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya fara, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A cikinsu akwai kafa kasuwar Kurmi, da busa kakaki, da figini, da takalmin gashin jimina. Har wa yau wannan takalmi yana cikin kayan sarautar Kano. In dai tun zamanin Rumfa akwai dukawan da za su iya yi wa sarki irin wannan aiki, to, lalle sana'ar ta girmi Rumfa.

Ba a daɗe ba bayan wannan, wani malami mutumin Fas, Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta labarin ƙasashen Afirka, aka buga littafinsa a Italiya cikin 1550. Da ya zo kan Gobir, ya ambaci masu ɗinkin takalmanta, ya ce takalman sun yi kama da waɗanda Rumawan dā su ke sawa, kuma a kan kai su Tambutu da Gawo a sayar. Watau shekara wajen 500 ke nan takalmin Bahaushe yana fita ƙasarsa neman kasuwa.

Majemi da baduku

Kafin fata ta zama takalmi sai ta bi hannu uku: na mahauci, da na majemi, da na baduku. Mahauci shi ke fiɗa, in ya yi garaje wuƙarsa ta huda fatar, ta ɓaci ke nan tun daga farko. Majemi ya kan jiƙa ta cikin ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare shi, ya sa ta cikin ruwan fataka ko na kashin tattabaru don ta yi laushi, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan 'ya'yan bagaruwa da aka daka. Bagaruwar nan ita ke hana fata ruɓa. In an yi hanzari aka tsamo ta ba ta jiƙu har ciki ba, sai ta yi kyaun gani daga waje, amma ran da ruwa ya taɓa ta sai ta ƙandare ta tsage. Bayan jima a shafe ta da mai, a rina. Ja daga karan dafi a ke samunsa, rawaya daga gangamau, baƙi kuwa daga kashin maƙera.

Baduku shi ke da aikin ƙarshe. Ƙirgin saniya mai kauri ya ke yanka ya yi tafin takalmi, ya riɓa shi biyu ko uku, ya huda da basilla, ya ɗinke da siririn zaren fata. Fatar akuya mai laushi ita a ke yi wa hanci da maɗauri da ado, don kada su ci ƙafa. Irin takalman kuwa da yawa. Akwai faɗe na talaka, akwai sambatsai masu ado, akwai kubutai na malamai da attajirai, akwai kurufa na mahayan dawaki, akwai dangarafai na itace don taɓon damina. Akwai kuma huffi, wanda littattafan fiƙihu su ka yi bayanin shafa a kansa wajen alwala, da sharaɗin ya zama na fata ne, ɗinkakke, ya rufe idon sawu, an kuma sa shi bisa tsarki. Wannan hukunci sauƙi ne babba ga matafiyi cikin sanyin hunturu.

A birnin Kano akwai unguwa sukutum da a ke kira Dukawa, akwai kuma majema a Ƙofar Wambai. Amma ba birni kaɗai ba, ko wane gari mai kasuwa yana da dukawansa, don takalmi da guga da linzami da kuben wuƙa da laya ba abin da ƙauye zai rasa ba ne.

Bebeji, mazaunin fatake

Bebeji tsohon gari ne mai ganuwa, yana kan hanyar Kano zuwa Zariya, kamar tafiyar kwana biyu daga birni ga ayari mai kaya. Cikin 1826 wani Bature mutumin Birtaniya, Kyaftin Clapperton, ya ratsa ta garin kan hanyarsa ta zuwa Kano da Sakkwato. Ya ƙiyasta mutanensa sun kai 20,000 ko fi, ya kuma lura yawancinsu 'yan kasuwa ne. Daga cikin mazauna wannan yanki akwai Agalawa, waɗanda tare da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne su ka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja.

Fataucin Gwanja ba tafiyar yara ba ce. Ayari ya kan tashi bayan kaka, ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, da uban dawaki mai kula da zango da biyan fito. Su kan ƙetare kogin Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Zugu da Yandi, har su sauka Salaga, inda a ke kawo goron dazuzzukan Asante. Zuwa da komowa ya kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Kayan da su ke ɗauka daga gida su ne baƙaƙen tufafin Kano, da kanwa, da dabbobi, da kayan dukanci, takalma a cikinsu. Watau takalmi yana ƙafar falke, yana kuma cikin kayan da ya ɗaura wa jaki.

A wajen komowa ne a ke gane darajar takalmi. Goro ba ya jira. Cikin huhu a ke ɗaure shi da ɗanyen ganye, sai an riƙa kwancewa ana yayyafa masa ruwa ana tsince wanda ya lalace. Ko wane yini da aka ƙara a hanya hasara ce. In ƙaya ta shiga ƙafar ɗan alaro ta yi ruwa, ko faso ya tsage masa diddige, ayari ba ya tsayawa sabo da mutum guda. Ko dai a bar shi a wani zango cikin baƙin mutane, ko a raba kayansa ga waɗanda su ma sun ɗauki iyakar ƙarfinsu. Wanda ya rage baya shi kaɗai kuwa, a zamanin da a ke fashi da kamun bayi, ya san abin da ke jiransa. Don haka falke mai hankali ya kan duba ɗinkin takalminsa tun yana gida, ya tafi da na canji, in an zo taɓo ko rafi ya tuɓe ya rataya a kafaɗa, don kada ruwa ya ci fatar.

Can kudu ma haka abin ya ke. Mutanen Riruwai sun shahara da narka kuza tun kafin zuwan Turawa, suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake suna zuwa saye. Wanda zai kai Riruwai sai ya ratsa daji da duwatsu. Cikin ƙarni na 19 kuma, musamman zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi sarauta daga 1855 zuwa 1882, mayaƙan Ningi su kan kawo hari kan garuruwan kudancin Kano. Ran da aka ce ga Ningawa nan, mai takalmi da mara shi ba gudunsu ɗaya ba.

Lissafin Abdulkarimu

Cikin watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarkin Kano Usman, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya shigo Kano. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, shi kuwa ya kira kansa Abdulkarimu. Ya zauna ya bincika cinikin birnin, ya rubuta lissafinsa da wuri, don a lokacin wuri ne kuɗi, 2,500 su ke daidai da riyal guda na azurfa.

Ya ce tufafi su ne kan gaba, abin da a ke fitarwa a shekara ya kai na wuri miliyan 300. Takalma ya ƙiyasta na miliyan 10, jemammun fatu kuwa na miliyan 5, waɗanda a ke kaiwa har Tarabulus. Ya yaba kyaun ɗinkin takalman Kano, ya ce ana kai su ƙasashe masu nisa ƙwarai, mafi kyaunsu kuma, wanda a ke kira taka-saraki, wuri 200 ne kuɗinsa. Ya kuma yi mamakin ganin Larabawa mazauna Kano suna ɗinka irin takalminsu da a ke kira balga da fatar ƙasar nan, ana ɗauka a kai Afirka ta Arewa.

Mai karatu ya iya ɗaukar alli ya duba abin da wannan lissafi ya ƙunsa. In aka raba miliyan 10 da 200, za a sami 50,000. Watau ko da a ce duk takalman da a ke fitarwa taka-saraki ne, sun kai ƙafa 50,000 a shekara. Da ya ke kuwa yawancinsu ba su kai wannan kuɗi ba, adadinsu ya fi haka nesa. Ga kuma wani abu. Barth ya ce iyali guda su kan zauna cikin wadata, ci da sha da sutura, da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara. In aka raba wannan bisa kwanakin shekara, za a ga mafi kyaun takalmin Kano bai kai abin da gida ke kashewa cikin kwana biyu ba. Ashe nagarin takalmi bai fi ƙarfin talaka ba a wancan zamani, sabo da akuyar ta gida ce, bagaruwar ta bayan gari ce, majemin da badukun kuma maƙwabta ne.

Fatar jar akuyar Sakkwato da Maradi, wadda raƙuma ke ƙetare Sahara da ita, ta kai har Turai. Da ya ke daga hannun mutanen Afirka ta Arewa Turawa su ke sayenta, sai su ka riƙa kiranta fatar Maroko, suna yi wa littattafai masu tsada bango da ita, ba su san inda akuyar ta yi kiwo ba.

Zuwan Turawa da jirgin ƙasa

Ran 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da rundunarsa, ya nufi Kano ta tsohuwar hanyar fatake. Ran 1 ga Fabrairu aka fasa ƙofar Bebeji da igwa, ran 3 ga wata birnin Kano ya fāɗi, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Sojan baƙar fata da Turawa su ka ɗauka a wancan zamani sun yi shekaru suna fareti ƙafa ba takalmi, hafsoshinsu kaɗai ke sa but. Sai zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka kai 'yan Nijeriya ƙasar Barma, but ya zama kayan ko wane soja, waɗanda su ka komo kuma su ka shigo da shi har ƙauyuka.

Abin da ya fi yaƙi sāke zaman wannan yanki shi ne jirgin ƙasa. Hanyarsa ta iso Kano cikin 1911, aka buɗe ta ga ciniki cikin 1912, ta bi ta Dangora da Madobi. Salaga kuwa ta riga ta mutu, don yaƙin basasa ya rushe ta cikin 1892. Goro ya koma zuwa ta teku ya sauka Ikko, daga nan jirgi ya kawo shi Kano cikin 'yan kwanaki. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji cikin 1877 a gidan Agalawa, ya ga zamanin biyu. Ya tashi cikin fataucin goro, ya koma cinikin gyaɗa, har ya zama babban attajirin Afirka ta Yamma kafin rasuwarsa cikin 1955. Ya tashi a zamanin da a ke auna nisan kasuwa da tafin ƙafa, ya rasu a zamanin da a ke auna shi da kuɗin jirgi da na mota.

Jirgin da ya kawo goro shi ya riƙa kwashe fatu. Kamfanonin Turawa su ka buɗe kantuna suna sayen fata da ƙirgi ɗanye, suna aikawa Turai a jeme a can. Gwamnati ta ɗauki malaman fata suna zaga mayanka, suna koya wa mahauta fiɗa ba tare da huda ba, da shanya fata a inuwa bisa katako maimakon a ƙasa cikin rana. Wannan koyarwa ta gyara fatar ƙasar. Amma da ya ke mai saye na waje ya fi ba da kuɗi, sai zaɓaɓɓiyar fata ta riƙa tafiya, baduku ya rage da abin da aka bari. Daga baya aka kafa manyan majemu na inji a Bompai da Sharaɗa da Calawa, su ma yawancin abin da su ka jeme ƙasashen waje ya ke tafiya, Italiya a kan gaba. Ƙirgin saniya kuma ya sami wani abokin takara, watau tukunya, don ganda ta zama abinci mai kasuwa.

Ana nan sai takalmin tayar mota ya fito, manoma su ka karɓe shi don ƙarkonsa. Bayansa sai na roba, na masana'antun gida da wanda a ke shigowa da shi daga Sin. Ba za a ƙi faɗin alherinsa ba. Ya sa wa miliyoyin yara da mata takalmi waɗanda dā ƙafa tsirara su ke yawo, ga shi ba ya tsoron ruwa. Aibinsa shi ne in ya tsinke ba ya ɗinkuwa da kyau, ƙaya mai ƙarfi tana huda shi, da rana kuma yana dafa ƙafa.

Takalmi da lafiya

Abin da mutanen dā su ka sani ta wurin wahala, likitoci sun bayyana dalilinsa. Akwai wata tsutsar ciki mai shan jini, wadda ƙwayayenta ke fita cikin bayan gida, su ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima, 'ya'yanta su huda fatar ƙafa su shiga jiki. Mai ɗauke da ita ya kan rame, jininsa ya ragu, ya kasa aikin gona, in yaro ne ya kasa karatu. Jiga ma ta ƙafa ta ke shiga. Ita baƙuwa ce a Afirka, wani jirgin ruwa ya kawo ta daga Barazil zuwa Angola cikin 1872, ta bazu ko ina. Saran maciji kuma, irin su kububuwa, mafi yawansa a ƙafa ya ke samun manomi da makiyayi, lokacin shuka da lokacin girbi. Mai ciwon sukari kuwa, ƙaramin rauni a ƙafa ya kan zame masa gyambon da ba ya jin magani.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, a ƙasar Bebeji, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya yawaita a kudancin Kano, mutane da yawa su kan yini cikin laima rani da damina. Irin wannan aiki dogon takalmin roba mai kaiwa ƙwauri ya ke so. Tafiyar daji da kiwo da kasuwa kuwa, nan fata ta fi. Ko wane aiki da takalminsa, kamar yadda mutanen dā su ka bambanta faɗe da kurufa da dangarafai.

Abin lura ga mai saye

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A misali, mutum biyu su ka je kasuwa. Ɗaya ya sayi takalmi mai araha, kafin shekara ta kewayo ya sāke saye sau uku. Ɗayan ya ba da kuɗin uku a kan guda, ya sa shi shekara biyu, sau ɗaya ya kai wa baduku ya sāke masa tafi. In aka yi jimla, na farko ya sayi takwas cikin shekara biyun nan, na biyu kuwa kuɗin uku ya kashe da ɗan ladan gyara. Ba a ma sa kwanakin da na farko ya yi a kwance da ƙaya a ƙafa, ciyawa tana cin gonarsa ba.

Amma tsada kaɗai ba ta nuna nagarta, don akwai roba da a ke yi wa fenti ta yi kama da fata. Mai saye ya lanƙwasa takalmin ya gani, fatar kirki ba ta tsagewa. Ya duba bakin yankan, in tsakiyarsa ta fi gefe fari, jimar ba ta kai ciki ba. Ya duba ko tafin ɗinkakke ne ko manne shi aka yi, don ɗinkakke shi ke gyaruwa. Ya gwada shi da yamma, sa'ad da ƙafa ta ɗan kumbura da tafiya. In ya saya kuma ya riƙa shafa masa mai, in ya jiƙe ya shanya shi a inuwa, kada ya kai shi bakin wuta.

Wanda ya sayi aikin badukun garinsu, kuɗinsa ya ratsa hannun baduku da majemi da mahauci da mai kiwon akuya, duk cikin ƙasa guda, kamar yadda ya ke a zamanin da Abdulkarimu ya yi lissafinsa. Hanyar Gwanja ta mutu, amma hanyar gona da ta kasuwa da ta makaranta suna nan, daga Bebeji har Doguwa, yawancinsu kuma har yanzu da ƙafa a ke bin su.